Iliyasu da Kalmar Sela

Iliyasu mutum ne da zama ke yi wa ƙaiƙayi. A ƙauyensu na gefen Shanono gidajen Kirista ba su wuce bakwai ba, shi ke yi musu karatu a coci ran Lahadi, kuma ko karatun a guje yake yin sa kamar an biyo shi. Kalma ɗaya ce ke tsaya masa a wuya, wato Sela. Takan zo a ƙarshen wasu layuka ita kaɗai, ba Hausa ba, ba Turanci ba. Ya tambayi fasto, fasto ya ce masana ma ba su tabbatar ba, wasu na cewa "dakata" take nufi, wasu kuma "ɗaga murya".

A shekara ta biyu ta fari, gero tiya ɗaya ya rage masa, na iri. Ya zuba a tulu ya liƙe bakin da laka. Damunar da ta wuce garaje ya sa ya shuka da yayyafin farko, iri ya ƙone a ƙasa. Saboda haka da aka yi ruwan farko ya tona gona da hannu, ya ga laimar ba ta wuce tsawon yatsa ba, ya ce to, dakata ɗin ce ma'anar Sela. Maƙwabcinsa Malam Tasi'u na ta saran shuka, Iliyasu ya bi shi yana ba shi baki ya jira.

Tasi'u ya yi dariya. "Yau kai ne mai cewa a jira? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

Kwana tara yana zarya tsakanin gida da gona, ido na gabas. Jiran ya fi masa huɗa wuya. Tafasa kaɗai ake ci a gidan, amma bawan Allah bai lura 'yarsa Furera ta daina tashi daga tabarma ba.

Ran na goma aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya ruga ɗaki, ya tarar an ɓalle lakar, tulu wayam. Matarsa Larai na tsaye a bakin ƙofa, ba ta ko sunkuyar da kai ba.

Ta ce, "Kunu nake dama wa yarinyar, yau kwana shida. Kai kana kallon sama, ni ina kallon ta."

Ransa ya ɓaci, kunya kuma ta fi ɓacin ran yawa. Da ƙyar ya ce, "Tana sha?"

"Ɗazu ta tashi zaune da kanta."

Ya ɗauki ƙoƙo ya fita cikin ruwan, yana bin gida-gida roƙon iri a garin da kowa ya riga ya shuka nasa.