Jarkar Kaka da Itatuwan Cikin Teku

Wata ranar Alhamis a hutun rabin shekara, ina aji huɗu na firamare, muka sauko daga gidanmu na unguwar Jarwal a Makka bayan sallar asuba muka tarar Kaka ta riga kowa shiga mota. Tana zaune a kujerar baya, ta yafa farin mayafinta na zuwa Harami, ta rungume wata shuɗiyar jarka a cinya. Abba ya miƙa hannu zai karɓa ya sa a baya tare da sauran kaya, ta buge hannun. Zamzam ne a ciki. Da kanta ta je ta tsaya aka cika mata jiya da la'asar, ta ɗaure bakin da leda, ta ƙara da tsumma. "Yalla, direba, ja mu tafi," ta ce. Haka take kiran Abba, don shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, kuma dama jigilar alhazai tsakanin Makka da Jidda ce sana'arsa.

Kowa a gidan ya san abin da ya tayar da wannan tafiya. Kaka tana 'yar shekara goma sha biyu ta iso ƙasar nan tare da iyayenta, bayan sun baro ƙasar Katsina sun yi shekaru suna ratso Chadi da Sudan. Daga Sawakin suka shiga jirgin ruwa na katako, iska ta ɗauke musu a tsakiyar teku, ruwan sha ya ƙare. Da suka samu gaɓa, ba Jidda ba ce, wani ƙauyen masunta ne can kudu. Wata mata mai doguwar malfa ta tallafo kan Kaka, ta ɗura mata ruwa daga salka, ta tsaya a kanta har ta ƙoshi. Harshen Kaka ya kumbura, ga shi ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya, don haka ba ta ce komai ba. Barci ya kwashe ta, ta farka a kan jaki ana tafiya da ita. Tun daga ranar wannan shirun yake cin ta. A shekarar da nake ba da labarinta, yanar ido ta fara rufe mata gani, ta ce wa Abba ita kam ba za ta makance ba ta kai wa mutanen nan ruwan garinmu da godiyarta ba.

Matsalar ita ce ba ta san sunan ƙauyen ba. Abin da ta riƙe kawai, wai akwai itatuwa tsaye a cikin teku, raƙuma kuma suna shiga ruwa har ƙirji suna cin ganyen. Ni da bakina ba ya rufuwa, na taɓa kwashe labarin nan na kai makaranta, na baje shi muna 'yar carafke a inuwar katanga lokacin tara. 'Yan ajinmu suka yi ta dariya har da riƙe ciki, aka laƙaba mini "Mai raƙumin ruwa", sunan ya bi ni zango guda cur. Mu 'ya'yan duwatsu ne. Raƙumin da muka sani na sahara ne, itacen da muka sani kuwa sai an yi ta ba shi ruwa da gwangwani kafin ya yarda ya rayu. Don haka na shiga motar nan da haushin Kaka a raina, na tabbata ƙishirwa ce ta sa ta yi gane-gane.

Sai wanda ya zauna a kan tudun Jarwal a wancan lokacin ne zai gane yadda muke da ruwa. Motar tanki, wadda muke ce wa wayit, ba ta iya hawowa lungunmu. A ƙasa take tsayawa, a ja tiyo iya inda ya kai, sauran kuma mu ƙarasa da bokiti muna ƙirga matattakala. Aikina ne kullum bayan makaranta in cika randa biyu kafin in hau soro wajen tattabaru. Ruwan da Umma ta wanke shinkafa da shi na tukunyar ɗoɗɗoya ne, ruwan ɗaurayar wanki kuma na goge tsakar gida. Umma haifaffiyar unguwar Utaibiyya ce a nan Makka, ta tagar mota kawai ta taɓa hango teku a Jidda. Da ta ji za mu wuni a bakin ruwan da ba mai shi, sai ta kwaso barguna uku da labulen falo da garin sabulu ta cusa a ƙarƙashin tabarma, ba ta gaya wa kowa ba.

Da hantsi muka isa Shu'aiba. Duwatsu sun daɗe da ƙarewa a bayanmu, ƙasa ta miƙe fara fat da gishiri, sai ga wani abu shuɗi ya tare gabas da yamma. Kusa da gaɓa ruwan kore-kore ne, ana hango yashi da ƙananan kifaye a ƙasansa, can ciki kuma ya yi duhu. Na tuɓe takalmi na bi ƙaguwa da gudu, su kuma suna gudun gefe suna faɗawa ramukansu. Na cika ɗankwalina da wuri da bawon katantanwa, na ɗanɗani ruwan na tofar, na sake ɗanɗanawa don in tabbatar. Kaka ba ta ko sauko ba. Ta leƙo ta taga ta ce, "Uwar surutu, me kike gani?" Na ce ruwa da yashi. Ta ce, "To ba nan ba ne."

Abba ya tafi tambayar wasu masunta da ke gyaran koma, ita kuwa Umma ta ɗaure zani ta shiga aiki. Ta zazzage rabin garin sabulu, ta cuɗa, ta murza, kumfa ya ƙi tashi. Ta ƙara sabulu, ta ce ai sabulun zamani ne ba shi da albarka. Da ta shanya bargunan a kan mota, rana ta buga su, suka bushe suka sandare, gishiri ya fito musu fari-fari. Labulen falo kuwa da za a tsayar da shi da ya tsaya da ƙafarsa. Kunya da takaici suka kama ta, kafin Abba ya dawo ta jawo jarkokin ruwan daɗi biyu da ya tanada saboda hanya, ta ɗauraye kayanta tas. Ni na ga komai, amma an toshe mini baki da tsire da burodi.

Asirin ya tonu bayan azahar, mun miƙi hanyar garin Lis, inda masuntan suka ce wa Abba ya gwada. Motar tamu tsohuwa ce, ta fara huci, tururi ya turnuƙe gabanta, Abba ya gangara gefen titi. Ya buɗe baya ya ɗaga jarka ta farko, wayam, ta biyu ma haka. Ya dubi Umma, Umma ta dubi teku. Sai ya zagayo wajen Kaka ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, a taimaka mini da rabi kawai. In mun koma Makka zan cika miki goma."

"Na Makka yana Makka. Wannan da masu shi."

"Inna, ba moya, ba ruwa ko ɗigo a motar nan. Halas, shi ke nan, a nan za mu wuni."

"Mu wuni. Duk wanda ya ji ƙishi ya zo in ba shi. Baki zan ba, ba zan ba ƙarfe ba."

Ta sauke jarkar ƙasa ta zauna a kai. Abba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya je ya tsaya a bakin titi yana ɗaga hannu. Muka kafa inuwa da bargunan Umma, wanda shi ne amfanin farko da suka yi ranar, muka sha shayin da ya rage a butar shayi. Na daɗe ina harara Kaka. Amma da na ga yadda take ta juya fuska wajen da iskar teku ke fitowa tana ƙifta idanun da suka yi fari, tana tambayar Umma ko rana ta yi ƙasa, sai tausayinta ya kama ni. Ranar na fara gane tsoro take ji kada a juya da ita gida.

Can wajen la'asar wata a-kori-kura ta tsaya, da tumaki a baya. Mai motar ya ba mu ruwa daga durom ɗinsa, ya ƙi karɓar komai. Abba na zuba wa mota, cikin jin nauyi ya tambaye shi ko ya taɓa jin labarin itace a cikin teku. Mutumin ya dube mu kamar mun tambaye shi ko ya taɓa ganin rana. Ya ce ai shura ke nan, raƙuman kawunsa ma can suke kiwo, mu bi sawun tayarsa. Muka sauka daga kwalta muka bi shi a kan burji, mota na tsalle, Kaka na salati.

Ni na fara hangowa. Kurmi ne kore shar, tsaye cikin ruwa, saiwoyinsa sun tsiro sama daga laka tsini-tsini. Wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, kalarsu ja-ja, suna tafiya a hankali da kawunansu cikin ruwa. Ga raƙuma kuwa, sun fi goma, ruwa har ƙirji, suna miƙa wuya suna figar ganye hankali kwance. Kaka ta damƙe hannuna ta ce in faɗa mata. Na faɗa mata komai ɗaya bayan ɗaya, cike da murna da kunyar abin da na yi ta faɗa a kanta. Ta ce a fito da ita. Ta tsaya ta shaƙi warin laka da gishiri, ta ƙura ido, ta ce tana ganin duhu-duhun kore. Sannan ta juyo ta dungure mini kai ta ce, "In an koma makaranta ki je ki gaya wa 'yan ajinku."

Ƙauyen dai ya tashi. Saura kangaye na dutsen teku, da wani ɗan masallaci ba rufi, da rijiya da aka rufe da faifan ƙarfe. Mutum ɗaya muka samu, wani tsoho yana facin kwalekwale. Ya ce tun da aka yi titi mutane suka koma Lis, shi ma yini kawai yake yi a nan. Kaka ta kwatanta masa matar, da malfarta da salkarta. Ya yi murmushi ya ce, "Ya Hajja, duk matan ƙauyen nan haka suke, har da uwata. Duk jirgin da ya sauke alhazai, da salka suke tararsa." Na ɗauka mun yi tafiyar banza. Kaka kuwa ta tambaye shi ko a nan aka haife shi, ko ruwan rijiyar nan ya sha ya girma. Ya ce ƙwarai.

Ta kwance tsumman da kanta, ta warware ledar, ta tsiyaya a kofin silba har ya cika ya zubo mata a yatsu. Da ya ji Zamzam ne, tsohon ya wanke hannu, ya juya ya fuskanci alƙibla, wato wajen gidanmu, ya sha cikin numfashi uku. Ta ƙara masa, ta tsaya a kansa har ya ce ya ƙoshi. Kaka ta fi shekara hamsin a Makka, Larabci a bakinta har da na faɗa a kasuwa, amma da Hausa ta yi magana. Ta ɗan rusuna ta ce, "Na gode. Allah ya saka da alheri. Allah ya jiƙan iyaye." Tsohon bai ji ko kalma ɗaya ba, ya ce amin. Ta bar masa jarkar ya kai wa sauran 'yan ƙauyen a Lis. Da muka koma mota na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta yi masa Larabci ba, ta ce ai yarinyar da aka ba ruwan Hausa kaɗai ta iya.

A Lis muka ci soyayyen kifi da jar shinkafar masunta a kan tabarma, Kaka ta cinye nata ta sa hannu a na Abba, tana tsokanar Umma wai a ba ta bargo ɗaya ta riƙa lasa in miya ta yi lami. Umma ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Ban taɓa ganin Kaka da sakin jiki irin na yammacin nan ba. Kafin shekara ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya, ban kuma taɓa jin ta yi ƙorafi a kai ba.

Yanzu lungunmu na Jarwal ya zama otal, muna unguwar Shisha a hawa na huɗu, ruwa na zuwa da murɗa famfo. Hanyar gaɓa ta yi faɗi, nakan kai yarana su ga shura da raƙuma, wani lokaci mu ƙarasa maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke gabas da Lis su dafa ƙwai su yi ta ɗaukar hoto. Suna jin daɗi, amma ba abin da ke ba su mamaki, don sun riga sun gani a waya kafin mu isa. Nakan zauna a bakin ruwan ina kewar Kaka da rigimarta. Ita ta yi rabin ƙarni tana neman inda za ta kai godiyarta. Ni kuwa mutanen da suka yi mini alheri duk na san gidajensu, kuma har yau cewa nake sai gobe.