Kaset ɗin Bashiru

Har gobe ban manta da ranar da Lawali mai jita ya shigo situdiyonmu na bakin kasuwar Illela da wata tsohuwa a bayansa ba. Shekarar da aka rufe boda ce, kasuwa ta mutu murus, mu ma sai zaman kashe wando. Aikina a lokacin shi ne juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Ku yaran yanzu da kuka buɗe ido kuka ga memori, ku saurara.

Lawali da abokansa suna da ƙungiyar kiɗan jita mai lantarki, irin mai zafin nan da Turawa ke kira rok. Ni dai a kunnena injin niƙa ne, kuma na sha gaya masa. Amma samari daga nan har Ƙonni suna mutuwar sonsa. Mawaƙinsu na farko, Bashiru, ya rasu a hatsarin motar albasa a hanyar Sakkwato tun ba su yi suna ba. Lawali yana so a tattara waƙoƙinsu na farko a ɗan gajeren faifai da muryar Bashiru. Kaset ɗaya tak suka taɓa ɗauka da shi, yana hannun mahaifiyarsa, Inna Hajo, a Kalmalo, wato tsohuwar da ya shigo da ita. Ta ƙi ba da shi sai dai a zo da ita, don rediyonsu ya daɗe da lalacewa, rabonta da jin muryar ɗanta tun yana raye.

Ta kwance shi daga bakin zane ta miƙo mini da hannu biyu.

Ƙa'idar aikin ita ce, ba a jefa tsohon kaset cikin rikoda haka kawai. Sai ka duba ko zaren ya yi fumfuna, ka juya shi da biro a hankali, ka goge kan rikoda da auduga. Sannan ka duba kunnensa, wato 'yan ramukan nan biyu na sama. In an karya kunne, ba a iya ɗaukar wani abu a kai. Na Bashiru an karya, amma wani ya bi ya toshe ramukan da salatef. Mai yin haka kuwa abu ɗaya yake nufi: ɗaukar wani abu a kai.

Na ja Lawali gefe na ce ya lallaɓa tsohuwa ta je ta sha inuwa. Ashe ta ji.

"Mi za ni yi waje, ɗan nan? Ai don shi niz zo."

Na danna. Jita ta yi kuka, ganga ta shigo, Bashiru ya ja numfashi zai fara. Sai ƙit! Muryar wani malami tana karatun Alƙur'ani. Na tura gaba, karatu. Na juya bayan kaset, karatu. Lawali ya zauna a ƙasa daɓas, ya riƙe kai. Wallahi ni da ban taɓa son kiɗan nan ba, sai da na ji kamar in yi kuka.

Inna Hajo ce ta fara magana. Ta ce bayan sadakar bakwai, mahaifin Bashiru, Alhaji, ya karɓi kaset ɗin ya kwana da shi, washegari ya maido mata, ita kuma ta adana. Dama kullum faɗansa da yaron a kan kiɗan ne. Ya ji tsoron a riƙa sa waƙar, alhaki yana bin ɗansa kabari, bai kuma iya ƙona kaset ɗin ba, sai ya ɗauki karatu a kai. Shi ma Alhajin ya rasu, babu wanda za a tuhuma.

Ban haƙura ba, na bar zaren ya tafi har ƙarshe. Karatu ya ƙare, aka yi shiru, sai ga ragowar tsohon ɗauka. Kiɗa ya riga ya tsaya. Bashiru ya yi tari, ya yi dariya, ya ce: "Kai Lawali, ka ɓata! A sake." Shi ke nan, zare ya ƙare.

Lawali ya ce faifai ya mutu, ya tashi zai fita. Tsohuwa ba ta ko dube shi ba.

"Maida mini wurin tarin nan," in ji ta.

Na maida. Ta ce in ƙara. Haka muka yi ta yi har aka kira la'asar, ban karɓi kowane aiki ba. Na juye mata wurin a wayar wata jikarta da ta aro ta zo da ita, ta ɗaure kaset ɗinta ta tafi. Lawali bai taɓa fitar da faifan ba. Ya ce ba zai sa wani ya rera a madadin Bashiru ba.

Tun daga ranar na kafa doka a shagon nan, kuma duk wanda ya karya ta zai gamu da ni: ba a kunna tsohon kaset a gaban mai shi sai ka fara saurare kai kaɗai, don ka san abin da za ka gaya masa. Kada kuma ku raina abin da ya rage, ko tari ne. Mu kiɗa muke nema a ciki, masu kawowa kuwa mutanensu suke nema.