Baba Obadiah Kumai, Mai Yanka Ma'aunin Albarushi

Kafin jirgin safe mai zuwa Jos ya yi kuka a tashar Kafanchan, Baba Obadiah Kumai ya riga ya buɗe rumfarsa da ke bayan kasuwa. Yakan cire hula ya yi gajeriyar addu'a a tsaye, sa'an nan ya share ƙasa, ya hura gawayi, ya jera magagari da awartaki da 'yar gudumarsa a kan buhu. Can sai matarsa, Mama Afiniki, ta iso da kunun acca, ta ce ya sha tun da zafi. Ya ce to. Da azahar ta dawo ta tarar kunun ya yi sanyi ƙalau, ta yi faɗanta na kullum, shi kuma ya yi dariyarsa ta kullum. Haka suke shekara tara ke nan, tun da ya bar aikin gyaran inji a reluwe.

A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Ido ya yi rauni, ba ya ganin layin da ya ja a jikin tagulla sai ya kai shi bakin hanci. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ni ma'aikacin disfensare ne, shekarata goma sha shida ina wanke miki a Kagoma da kewaye, kuma a cikin waɗanda suka rage mini aiki ban san kamar wannan tsoho ba, ko da yake bai taɓa riƙe allura ba.

Baƙo zai ce me ya haɗa manomi da bindiga. To ya zo ya tsaya bakin gonar masara a gindin dutse ranar da garken bika, manyan biran nan, suka sauko, ko ya ga yadda gadu ke tone kunyar doya. Shi ya sa gidaje da yawa suke da tsohuwar adaka, bindigar da ake ɗurawa ta baki. A da, tafin hannu shi ne ma'aunin albarushi. Tafin kowa kuwa daban, kuma ranar da mutum ya ji haushin ɓarna sai ya ƙara. Abin da ke biyo baya ni ake kawo wa a kan amalanke ko a goye: hannu ba yatsu, fuska a babbake, wani ma ido ya tafi. Kowace kaka sai na ɗaure irin wannan hannu huɗu ko biyar.

Da aka gama yaƙi sojoji suka dawo gida, kwanson harsashi ya yi yawa a gari, har ana yin usur da shi. Baba Obadiah ya dubi wannan tagulla ya ga abin da wasu ba su gani ba. Idan ka kawo masa bindigarka, sai ya wanke ta, ya leƙa cikinta, ya ƙwanƙwasa ya saurara. Sai ya kai ta bakin rafi ya ɗaure a jikin itace, ya koma nesa ya ja kunama da igiya. Sai ya gamsu, sa'an nan ya yanka kwanso ya zama ma'aunin albarushi daidai cikin wannan bindiga ita kaɗai, ya liƙa masa mariƙi na waya, ya buga alama iri ɗaya a jikin ma'aunin da gindin bindigar, don kada a yi musanya da na maƙwabci. Sule biyu yake karɓa. Wanda ba shi da su ya kawo doya biyu, wanda ba shi da doya ya tafi da godiya.

Akwai wani manomi a Kagoma, Meshak, mutum mai ƙwazo amma mai son abin yayi. Wata ranar kasuwa ya ga wani ma'auni na kanti a teburin Alhaji Nuru mai kayan ƙarfe, an kawo shi daga Kaduna, yana walƙiya, da lambobi a jiki da noti da ake juyawa a ƙara ko a rage. Kuɗinsa ya kai buhun citta guda. Meshak ya ƙudura zai saya, ya roƙi Alhaji ya ba shi ya nuna wa Baba tukuna. Alhaji Nuru da kansa ya biyo shi, shi ne ma ya ba ni labarin.

Baba ya juya abin a hannu, ya yaba. Ya ce, "Kai, wanda ya yi wannan ya iya aiki. Meshak, bindiga nawa ne da kai?"

"Ɗaya, Baba."

"To noti ɗin nan na mai bindiga biyar ne, wanda ya san lamba. Kai za ka sa shi a aljihu ka hau dutse, ya juya kansa ba ka sani ba. Ko kai ka juya shi ranar da bika sun ɓata maka rai. Ma'aunina bebe ne. Abin da na gaya masa yau, shi zai gaya maka har ka tsufa. Kai cittarka gida."

Meshak ya yi tsaki kaɗan, amma ya yarda. Alhaji Nuru ya ce ya yi niyyar jin haushi, ciniki ya suɓuce masa a gaban idonsa, sai ya tarar dariya yake yi. Daga ranar, duk manomin da ya tsaya a teburinsa yana tambayar ma'auni, sai ya nuna masa hanyar bayan kasuwa.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce maƙeri ne mai basira kawai. Abin da ya sa nake cire masa hula ya faru ne a ƙarshen damina, shekara uku da suka wuce.

Wani sabon albarushi ya shigo kasuwanni, mai laushi, mai araha, ba a san takamaiman inda ya fito ba. Mutane suka rufa masa. Baba ya sayi kaɗan ya gwada a bakin rafi da wata bindigar da ya sani sarai, da ma'aunin da shi ya yanka mata. Da ya ja igiya, ƙarar ta bambanta. Ya je ya shafa ƙarfen ya ji ya kumbura. Sabon ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba, ma'aunin da ya yi daidai jiya yau ya zama tarko. Masara kuwa ta nuna, lokacin gadin gona ya yi, kuma ma'aunansa sun haura ɗari biyu a hannun mutane daga Kagoma har Kwoi.

Mama Afiniki ta ce ranar ya dawo gida bai taɓa tuwo ba. Ta ce masa, "Kai ka yi albarushin? Kai ka sayar musu?"

Ya ce, "Da tafin hannu suke aunawa, da sai su yi tsoro su rage. Yanzu ba su tsoro, don sun ba da gaskiya ga ma'aunina. Ni na cire musu tsoron, Afiniki."

Ya bi fastoci ya roƙa a yi sanarwa bayan sujada ran Lahadi. Alhaji Nuru ya tashi a masallaci ran Juma'a ya faɗa. Saƙon ɗaya ne: kada kowa ya ɗura sabon albarushi sai ya kawo ma'auninsa an rage. Mutane suka yi ta zuwa, yana ragewa kyauta. Amma masu kwana a bukkokin gona ba su ji ba. Sai tsoho mai shekara sittin da 'yan kai ya rufe rumfa, ya ɗaure zarto da magagari a bayan keke, ya shiga ƙauyuka. Ba shi da takarda, a ka ya riƙe su: wane mai alamar gicciye biyu, wane mai ɗigo uku. Mako uku yana yawo cikin taɓo, inda keke ya ƙi ya ajiye shi ya taka. Ya biyo ta disfensare sau ɗaya, na ga ƙafafunsa sun kumbura sun tsage. Na wanke na ɗaure, na ce ya huta kwana biyu. Ya ce, "Malam, saura mutum bakwai. Bika ba su san hutu ba."

Na ƙarshensu Meshak ne, yana can gonarsa a saman dutse. Baba ya isa da hantsi ya same shi zaune a bakin bukka, bindiga a cinya, ya riga ya ɗura ta da sabon albarushin tun da safe, yana jiran garken su sauko. Baba ya yi masa bayani yana haki. Meshak ya ƙi.

"Haba Baba, ba kai ka ce ma'aunin ba ya ƙarya ba? Cikinsa ɗaya na sa, ban ƙara ko ƙwaya ba. Yanzu in yi asarar ɗuri guda?"

"Ni na ce, kuma ni na zo in ce na yi kuskure. Ba ni bindigar. In ta tashi lafiya, ni zan biya ka ɗurin."

Da ƙyar ya miƙa. Baba ya ɗaure ta a jikin ɗorawa, ya ja Meshak bayan wani dutse, ya ja igiya. Da hayaƙi ya washe, ƙarfen ya dare kamar an tsaga rake, daidai wurin da hannun hagu ke riƙewa. Meshak ya gaya mini sai ya zauna a ƙasa yana ta duban hannunsa, yana buɗewa yana rufewa. Baba kuwa ya durƙusa ya ce, "Ubangiji, na gode," sa'an nan ya tambaya ko akwai ruwan sha. Ranar su biyu suka kori bika da duwatsu da ihu, tsoho da magidanci, suna yi suna dariya kamar waɗanda suka zare.

A wannan kakar ba a kawo mini hannu ko ɗaya ba. Ba wanda ya lura, domin ba a shelar masifar da ba ta auku ba. Ni da ke zaune da almakashi da bandeji ina jira, ni na lura.

Baba Obadiah, kai ne maƙerin da bai ji kunyar cewa na yi kuskure ba. Kai ne ka bi aikin hannunka har saman dutse, alhali ba wanda zai kai ka ƙara da ka zauna a rumfa ka yi shiru. Gatan manomi, mai hana ciniki don a tsira da yatsu! Akwai mutane a ƙasar nan da ke riƙe fartanya, suna tafa hannu a majami'a, suna alwala, suna ɗaga jikokinsu sama, ba su san da kai suke yin haka ba.

Makon jiya na je na gaya masa zan rubuta wannan. Ya daɗe yana dariya, ya ce in bar ɓata takardar gwamnati. Da ya ga da gaske nake, sai ya ce, "To in dole ne, ka rubuta musu duk albarushin da ba su sani ba, su bar igiya ta fara gaisawa da shi."

Na rubuta, Baba. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sanyaya maka idanu, ya bar ka da Mama Afiniki. Ku kuma da kuke da sana'a a hannu, tela ko birkila ko malamin asibiti irina, ku dubi wannan tsoho. Kada ku ce aiki ya ƙare don ya bar rumfarku. Ranar da kuka gane abin da kuka ba mutum zai cuce shi, ku tashi ku bi shi, ko da ƙafa ce.