Makarantar Tsallaken Gulbi Da Ban Taɓa Gani Da Damina Ba

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina son in sauke wannan magana, sai yanzu Allah Ya nufa. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni magidanci ne a wani gari na ƙasar Argungu. Ina da gonar shinkafa a fadama, bayan la'asar kuma ina karantar da manya littattafan fiƙihu a zaurena. Ban yi nisa a boko ba, ajami ne hannuna, shi nake rubutawa ba tare da na tsaya tunani ba. Da aka zo kafa kwamitin da zai kula da makarantun firamare na gundumarmu, mutane suka ce a sa ni shugaba, wai ba a taɓa jin na yi rigima da kowa ba. Na karɓa ina ganin yabo ne. Ban sani ba ashe abin da aka yabe ni da shi, shi ne zai zama aibina.

Aikin kwamitin iri biyu ne. Farkon kowace shekarar karatu mukan zauna a babbar makarantar da ke bakin hanya, shugabannin makarantu su zo kowa ya faɗi abin da ke damun tasa, mu kuma mu jera buƙatun daga mafi muhimmanci zuwa na ƙasa. Abin da gwamnati ke sakowa ba ya isar kowa, saboda haka abin da muka sa a gaba shi ake yi, na baya kuma sai wata shekara in da rabo. Aiki na biyu shi ne mu zagaya makarantun mu ga ko ana ci gaba, mu kai bayani ofishin ilimi na Argungu, su kuma su miƙa Birnin Kebbi. Ina tuna zaman nan da daɗi har gobe. Mukan shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, a buɗe da addu'a, a raba goro, a yi ta gardama kan benci da kwanon rufi da rijiya kamar ana rabon gado. Akwai wata Hajiya mai wakiltar iyaye mata, sana'arta turara shinkafa, wadda in ta fara magana ba mai iya katse ta. Takan ce mana mu maza in aka ba mu zaɓi tsakanin alli da babbar riga, rigar za mu ɗauka.

Yadda muke zagayen shi ne tushen abin. Ba ma fita sai da rani, lokacin da ruwa ya janye, hanya ta bushe. Kuma ba ma zuwa gari sai mun aika wa maigari tun da sauran kwanaki, domin a wurinmu dattijo ba ya faɗa wa mutane kamar ɓarawo. Ban taɓa jin wani ya ce wannan kuskure ne ba. Haka muka taras ana ziyara, haka muka yi.

Cikin makarantun akwai wata a wani ƙauye da ke tsallaken gulbi, can cikin fadama. Ita ce na fi son zuwa. Da rani ruwan mashigin iyakarsa gwiwa, mukan naɗe wando mu taka, mu bi ta gonakin albasa, iska na kawo mana ƙanshinta. Tun daga nesa za mu jiyo muryar yara. Sun yi sahu a bakin gari, an wanke su tsaf, suna rera waƙar maraba da baƙi, suna tafi, muryoyinsu a haɗe kamar na mutum ɗaya. Sau da yawa idona kan ciko da hawaye. Daga nan sai zauren maigari, dattijo mai fara'a wanda ya san mahaifina. A kawo tuwon shinkafa da miyar sure da kifi, a biyo da fura mai sanyi. Kafin mu gama azahar ta yi, mu yi salla, mu leƙa ajujuwa a tsaye mu ga sun cika maƙil, mu sa albarka. In za mu tafi kuma ga busasshen kifi da albasa an ɗaure mana. A hanya mu yi ta cewa ai wannan makaranta ba ta da matsala.

Hedimastan makarantar taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Tare muka yi karatun allo, tare muka koyi ajami a zaure ɗaya, daga baya shi ya wuce makarantar horon malamai ni na tsaya. Ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna ba. Yakan kira ni bawansa, in ce masa tun yaushe bawa ke shugabantar ubangijinsa. Mutum ne siriri mai saurin tafiya, ya tare a ƙauyen da iyalinsa tun da aka kai shi, sauran malaman kuwa a wannan gefen gulbi suke kwana.

Wata shekara a zaman jera buƙatu, da layi ya zo kansa, bai nemi benci ba, bai nemi rufi ba. Ya ce shi jirgi yake so, kwalekwale ɗaya na makaranta. Aka fashe da dariya, wani ya tambaye shi ko kamun kifi zai koma. Ya bari aka gama, sannan ya yi bayani. Ya ce daga ruwa ya cika gulbi har ya janye, malamansa ba su da hanyar ƙetarewa sai jiragen masunta, su kuwa masunta tun asuba sun fita, ba sa waiwayar mashigi sai rana ta take. Malami ya zauna bakin ruwa ya gaji ya koma gida, kashegari ma haka, har ya daina zuwa. Shi kaɗai ke rage wa ajujuwa duka, iyaye kuma in sun ga ba malami sai su kwashe 'ya'yansu zuwa korar tsuntsu a gonar shinkafa. Sai ya juyo ya dube ni, ya ce bawana, yaran da kuke gani sun cika aji ranar ziyara, rabinsu ranar ce kawai suke shiga, maigari ke sa a bi gida gida a tattaro su don kada garinsa ya ji kunya. Ya ce in muna son mu ga makarantarsa, mu zo da damina, kuma kada mu aika.

Na ji zafin maganar nan, Allah Ya sani. Ba don ina ganin ƙarya yake yi ba, taubashina bai iya ƙarya ba ko a wasa. Abin da ya tsaya mini shi ne fuskar maigari. Na ci tuwonsa shekara da shekaru, ya kira ni ɗansa a gaban jama'a, yanzu in sa hannu a kan bayanin da ke cewa yana yi mana rufa-rufa? In kuma faɗa masa gari ba sanarwa kamar mai neman laifi? A shekarar kuma ana maganar manya za su zo daga Birnin Kebbi, kuma kowa ya san iyakarsu makarantar bakin hanya. Sai na mayar da abin wasa, na ce wa taubashina shi dai tun muna yara tsoron ruwa gare shi, yanzu yana so gwamnati ta saya masa jirgi. Aka sake yin dariya. Muka sa katanga da ƙofar ƙarfe da fenti na makarantar bakin hanya a gaba, jirgi ya koma can ƙasa. Hajiya kaɗai ta ƙi. Ta ce Malam, katanga ba ta koyar da yaro baƙi, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu dai tuwo ne ya ɗaure mana baki. Na ce mata a yi haƙuri, baɗi ma shekara ce.

Baɗi ta zo, wata buƙatar ta sha gaba. Wadda ta biyo ma haka. Manyan sun zo, sun ga katanga, sun yaba, har aka ambaci kwamitinmu a taro. Taubashina ya ci gaba da kawo maganar jirgi duk shekara, har aka laƙaba masa Sarkin Ruwa, shi ma yana dariya in an kira shi da shi. Mu kuma muka ci gaba da zuwa da rani, muna jin waƙa, muna rubuta cewa ajujuwa cike suke, malamai suna nan.

Abin ya fashe ne da aka yi jarrabawar fita firamare, aka ga yaran tsallaken gulbi ba wanda ya ci, wasunsu ko sunansu ba su iya rubutawa ba. Aka kira mu ofis a Argungu, ni da shi. Jami'in da ya zo daga Birnin Kebbi mutum ne mai natsuwa, bai ɗaga murya ba. Ya ce bayanan kwamiti duk sun nuna akwai yara akwai malamai, to in haka ne ina matsalar take in ba wajen shugaban makaranta ba? Taubashina ya maimaita maganar gulbi da jirgi. Jami'in ya juyo gare ni ya ce Malam, ku ne idonmu a can, kun taɓa zuwa kuka taras ba malamai? Tambayar nan tana da amsa ta gaskiya da amsa ta wayo. Ta gaskiya ita ce ba mu taɓa zuwa lokacin da za mu taras da haka ba, kuma an gaya mana mun ƙi ji. Ni kuwa sai na ce a'a, duk zuwan da muka yi mun same su. Ban yi ƙarya da harshe ba, amma na san abin da na yi. Taubashina bai dube ni ba. Hularsa kawai ya gyara.

Aka sauke shi daga shugabanci, aka mayar da shi malamin aji a wani ƙauye wajen Augie. Ranar da zai kwashe iyalinsa ya biyo ta ƙofar gidana, muka gaisa, ya tambayi yara, ya yi mini sallama da sunan Malam. Tun da muka tashi bai taɓa kirana Malam ba sai ranar. Wanda aka kai madadinsa bai yarda ya tare a ƙauyen ba, saboda haka da damina ta zo ba a ko buɗe ƙofa. Daga baya aka ce an haɗe makarantar da ta bakin hanya, wai yaran su riƙa ƙetarowa. Wace uwa za ta sa ƙaramin yaro a gulbi cike? Ni ma ban daɗe ba na bar kwamitin.

Shekaru suka shuɗe, sai maigarin nan ya rasu a tsakiyar damina, ta'aziyya ta wajaba a kaina. Ranar ce na fara ganin mashigin da na sha takawa da ƙafa. Ruwa ne ja, faɗinsa har ido ya gaji, ya shanye gonakin albasa da hanyar duka. Na zauna bakin gaɓa tun hantsi ina jiran jirgi, ina tuna malaman da na taɓa zargi da lalaci a zuciyata. Sai wajen azahar wani magidanci ya zo da kwalekwale ya ɗauke ni. Muna tsakiyar ruwa ya ce Baba ai ya gane ni, ni ne shugaban baƙin da ake yi wa waƙa. Ya ce yana cikin masu tsayawa a sahun gaba saboda muryarsa, kuma duk lokacin da aka ce muna tafe, sai a yi kwanaki ba abin da ake koya musu sai waƙar. Yana tuƙi ya fara rera mini, bai manta ko kalma ɗaya ba, yana dariya yana jin daɗin tuna yarinta. Da ya gama na tambaye shi karatu fa. Ya ce Baba, ai waƙar ce karatun, ita kaɗai ya fito da ita. Bai faɗa da haushi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Da muka isa na wuce ta makarantar, na taras an jibge buhunan shinkafa a ajin da muke leƙawa mu sa albarka.

Ban koma gida na zauna ba sai da na nemi taubashina. Na same shi ya yi ritaya, ya tsufa, yana zaune a ƙofar gida yana gyaran tasbaha. Na faɗa masa duk abin da na gani, na roƙe shi gafara kan amsar da na bayar a ofis. Ya ajiye tasbahar a gefe. Sannan ya ce nasa haƙƙin ya yafe tun ranar, amma na yaran ba a hannunsa yake ba, in nemi wannan wajen Allah. Da zan tafi ya rako ni bakin hanya, ya ce to bawana, yanzu wa ke tsoron ruwa tsakanina da kai? Na yi dariya ina share ido. Bai shekara ba bayan haka Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Yanzu ina zaune Birnin Kebbi wajen 'ya'yana, ƙafa ta yi rauni. Har yau in na tuna gindin darbejiyar nan da goro da gardamar Hajiya, da muryar yaran nan a bakin gari, sai in ji kewa ta kama ni, domin kwanaki ne masu daɗi kuma mutanen kirki ne dukansu. Ba wanda ya ci kuɗin kowa a cikinmu. Kunya ce da son a rabu lafiya suka cinye makaranta guda. Na karantar da mutane babin amana a zaurena ban gane cewa kujerar kwamiti ma amana ce ba, kuma shaidar da aka rage mata wani yanki ba shaida ba ce. Ina roƙon duk wanda aka ɗora wa duba makarantu, ko a birni ko a ƙauye, ya saurari wanda ke kwana a wurin ko da buƙatarsa ta ba da dariya. In za ku jera abin da za a fara yi, ku tambayi kanku wanne ne in babu shi ba karatu, ba wanne ne baƙo zai gani ba. Ku shiga aji kafin ku zauna kan tabarmar maigari, ku ba yaro alli kafin ya yi muku waƙa. Kuma ku je da damina. Ni na je, amma sai da aka riga aka zuba shinkafa a ajin. Allah Ya yafe mana abin da muka sani da wanda muka ƙi sani.