Ba Laifi, In Ji Inna

Ni malamin lakol ne, makarantar boko, a Agye, amma ordinatar, wato kwamfuta, ita ce ke cinye mini hutu. Da ita na gina wani ɗan shafin intanet mai nuna farashin gyaɗa da wake da gero a kasuwanninmu. Ba daga tushe na taso da shi ba. Akwai wani tsari da wasu mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka ƙera, suka bar shi a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta. Kamar tsaikon ɗaki ne, an ɗaure maka, naka jinka kawai. Abin da ya ja ni gare shi guda ne: ko reso, wato sabis na waya, ya ɗauke, shafin na nan ajiye cikin waya, ana karantawa.

Wata shekara bayan girbi, masu tsarin suka yi sanarwa. Suna neman labaran nasara daga masu amfani da shi, su baza a shafinsu don jawo sababbin mutane. Suna kuma shawarar cire ɓangaren ajiyar nan, wai kula da shi wahala ne, ba su ga mai buƙatarsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Su zo Sae Sabuwa mana, su ga yadda ake hawa amalanke a ɗaga waya sama! In suka cire, shafina ya tashi aiki. Sai dai in kai musu labari daga bakin mutanenmu.

Na hau moto na nufi Cadawa, wurin ƙawar mahaifiyata, shugabar mata masu matsar man gyaɗa. Na san ba sa ɗaukar amalanke zuwa kowace kasuwa sai ta duba shafin. Na tarar tana tuyar ƙuli-ƙuli. Bayan mun gaisa, na kunna waya don ɗaukar murya.

"Inna, yaya kika ga shafin nan?"

"Ba laifi."

"Ya ƙara muku ciniki?"

"Muna dai lallaɓawa, ɗan nan. Sai godiya."

Na juya tambayar ta kowace fuska, ita kuwa tana ta juya ƙulinta. A Gazawa wani ɗan kasuwar wake ya ce mini da dama-dama. A Cadakori kuwa hamdala kawai na samu, da ƙwaryar fura.

Mu nan mun san idan babba ya ce ba laifi, ya gama yabo. Amma da na mayar da maganar Faransanci, sai ta fito kamar miyar da ba gishiri. Dalilin ma ban rasa shi ba, tsoron baki ne. Wa zai tsaya ya gaya wa duniya rumbunsa ya cika? Ni kaina in aka tambaye ni gonata, cewa nake da sauran aiki.

Na koma Cadawa a gajiye, ba don aiki ba, don in ci ƙuli in huce. Cikin hira na ambaci ɗan kasuwar waken nan na Gazawa. Sai Inna ta ajiye matsami.

"Wannan? Ai Allah ya yi mashi buɗi! Da can sai ya loda wake ya kai kasuwa, ya tarar ta faɗi, ya dawo da kayanshi jaki na haki. Yanzu daga gindin itacen bedi yake duba waya, ko ba reso, ya san inda za shi."

Na jawo wayata. Na ce ko ta yarda in ɗauka.

"Nashi ne ai, ba nawa ba. Ɗauka. Amma ka sa masha Allah a gaba, kuma kada ka kama suna."

Washegari na koma Gazawa na tambayi mutumin labarin matan Cadawa. Kai, sai da na roƙe shi ya tsaya in sha ruwa! Haka na bi ƙauyuka, kowa na ba ni na maƙwabcinsa. Na fassara na aika, kowane da masha Allah a bakinsa.

Ba su cire ɓangaren ba. Labaran ma sun sa su a shafinsu, ɗaya daga cikin masu tsarin har ya rubuto yana mamakin yadda ba mai maganar kansa. Na je na gaya wa Inna, ina ta murna. Ta saurara har na gama, sannan ta ce:

"Su masu ƙera abin nan, ka ce don Allah suke yi?"

"Haka ne, Inna."

"To, su wa ke ba da nasu labarin?"

Shekara da shekaru ina cin moriyarsu, ko sannu ban taɓa aika musu ba. Ta goge hannunta da gefen zane, ta gyara zama, ta nuna wayata da haɓa.

"Kunna," in ji ta.