Kukan da Ke Ƙafar Baya

Ni ba mai yawo ba ce. Kasuwar Matameye ma sai in daɗe ban taka ta ba, aike nake yi. Boko kuwa aji biyu na yi aka fidda ni. Amma kunne, Allah ya ba ni. Ina da injin markaɗe a tsakar gida tun yarana suna ƙanana, kuma shi ya koya mini cewa ƙarfe ba ya mutuwa sai ya yi magana. Idan bel zai tsinke ina ji, idan dutse ya cinye ina ji, tun kafin ƙullu ya nuna.

Maigidana Malam yana da wani tsohon moto, wato babur, babba, baƙi, da ya saya wajen mutanen wani poroje, aikin raya karkara, lokacin da za su tashi. Duk garin babu irinsa, don ba shi da sarƙa. Wani sandan ƙarfe ne a cikin bututu yake ɗauko ƙarfi daga inji ya kai ƙafar baya, su suna ce masa kardan, ya ƙare a wani ƙoƙon ƙarfe da ke tsakiyar ƙafar. Malam ba ya gajiya da yabonsa. Ƴan kabu-kabu kullum suna tsugune suna ɗaure sarƙa suna ɗiga mata mai, shi kuwa sai ya wuce su yana cewa nasa ba ya cin komai a baya. Da wannan maganar ya yi shekaru, ba wanda ya taɓa sa hannu a wurin.

Bayan damina, shekarar da ƴata ta fari ta zo gida wankan jego, na fara jin abin. Idan Malam ya karyo kwanar lungunmu ya saki wuta, sai wani gurnani ya biyo bayansa, ƙasa-ƙasa, kamar ana jan turmi a kan daɓe. Kwana uku ina saurare kafin in yi magana. Na kuma lura in na zo sharar zaure, inda ƙafar baya take kwana akwai wani ɗigo baƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Na ce, “Malam, motonka yana kuka a baya.”

Ya ce, “Ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba?”

Duk da haka ya kai shi garaji wurin makaniken da ya saba, wanda taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata. Aka canza takalmin birki. Da yamma ina wanke wa jaririya kaya na ji shi ya karyo kwana, gurnanin nan yana nan yadda yake, har ya ƙara kauri.

Ana jibi arba'in za ta cika, Malam ya ce shi da kansa zai mai da yarinya ɗakinta a Dungu, ita da jaririya a goye, kaya su bi motar kasuwa. Ya riga ya faɗa wa surukai. Jikarsa ta fari ce, so yake ya shiga garin da ita a bayansa. Na san hanyar, ko ban cika bin ta ba: rairayi, gangare, ga ramukan da ruwa ya bari. Da ya tafi masallaci sallar la'asar na shiga zaure na zare makullin, na ƙulle shi a haɓar zanena.

Ya dawo ya laluba aljihu, ya ɗaga tabarma, ya leƙa cikin takalmi. Sai na ce, “Kada ka wahala, yana wurina.”

“Ba ni.”

“Ba zan bayar ba. Kai in ka ga dama ka hau ka tafi Dungu, ka wuce har inda ka so. Amma ƴata da wannan tsokar da ko wuyanta bai tsaya ba, ba za su hau shi ba sai an buɗe bayan nan a gabana.”

Tunda muka yi aure ban taɓa yi masa haka ba. Amma ban kwance haɓar ba. Ƴata tana daga ɗaki tana cewa, “Inna, don Allah ki bari.” Na ce ta yi shiru ta ba yarinya nono.

Washegari da hantsi sai ga Malam da taubashina, ya kawo shi ya kunyata ni. Tun daga zaure taubashin yake ɗaga murya.

“Ina shugabar makanikan? An ce kin buɗe garaji ba ki gayyace mu walima ba.”

Na ce, “Shigo, kurma. Kai da ka canza wa mai ciwon ciki takalmi.”

“Ni na ɗaga moton nan na ba shi wuta, ban ji komai ba.”

“A ina? A garajinku da mai walda yake gefe, janareto yana gefe, rediyo yana ihu? Ko jaki ya yi kuka a kunnenka ba za ka ji ba.”

Na ce ba na son a tada inji ma. Lungunmu yana da ɗan gangare daga wajen rijiya. Na sa suka ɗaure buhun gero a baya, nauyin mutum ke nan, suka tura moton sama, taubashina ya hau ya fidda shi daga giya ya gangaro shiru. Ina tsaye a bakin zaure da mayafi. Ga shi nan, gurr, gurr, yana tafiya da juyin ƙafa, in ta yi sauri ya yi sauri, in ta lafa ya lafa.

Na ce, “Inji a kashe yake. To wa ke kukan?”

Ya ce birki ne bai zauna ba. Na ce ya koma ya sake gangarowa, ya ɗan taka birkin a hanya. Ya taka, moto ya rage gudu, kukan bai canza murya ba. Da birki ne, da ya ɗauke ko ya ƙaru. Wannan karon da ya sauko bai yi mini ba'a ba.

Suka shigo da shi zaure suka kafa shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, ta baya tana lilo. Na ɗauko muciyata, yadda nake yi wa injina: na dafa kanta a jikin ƙarfe, na sa gindinta a kunne. Na ce Malam ya juya ƙafar da hannu. A kan bututun, shiru, sai ɗan shuu. Da na matsa kan ƙoƙon, sai na ji kamar ana tauna tsakuwa a cikin tuwo. Na miƙa wa taubashina muciyar.

“Ni zan sa muciya a kunne? A gan ni?”

“Sa, ba wanda zai gaya wa matarka.”

Ya sa. Ya daɗe a duƙe. Sannan ya ajiye ta, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, sai ga ta tana ƙwas-ƙwas, tana motsi inda bai kamata ba. Ya ce a hankali, “Rulma ce.” Wato ƙwallayen ƙarfen da ƙafar take juyawa a kansu.

Na ce, “Ɗigon da nake sharewa fa, daga ina yake?”

Nan ya tsaya yana sosa ƙeya. Shi duk zatonsa ƙoƙon nan a rufe yake tun daga masana'anta, ba a taɓa shi. Motocin da yake gyara duk masu sarƙa ne. Ya kwanta a ƙasa ya kankare laka da tsinke, sai ga kan ƙusa a ƙarƙashi. Ya kwance, na tara tsohon kwano. Abin da ya fito bai cika ludayi ba, ruwa-ruwa, launin kunun kanwa, yana walƙiya da garin ƙarfe. Ashe wurin mai yake sha, nasa daban. Man ya tsiyaye, ruwan kwazazzaban da Malam yake ratsawa da damina ya shiga ya zauna.

Taubashina ya shafa a yatsa ya nuna wa Malam. Ya ce, “Yaya, in wannan ta watse kana gudu, ƙafar cijewa za ta yi wuri ɗaya. Kuma irinta sai Damagaram, in ba a samu ba sai Kano.”

Malam ya dubi kwanon, bai dube ni ba. Ya ce to ai a hankali zai tafi, a zuba sabon mai, Dungu ba nisa, ya riga ya yi wa mutane alkawari. Na ce a zuba, a yi duk abin da za a yi, makulli dai yana inda yake. Ya fita bai ci abincin rana ba.

Ranar arba'in ɗin na aika tasha aka tsayar da mota. Ƙanwata ta raka su, ita ta riƙe jaririya a gaba, ƴata tana kusa da ita, kaya a sama. Malam bai fito rakiya ba, yana zaure yana jan carbi kusa da motonsa. Ni ma ban kwance ƙullin ba, na zauna a bakin murhu da waya a cinya. Wajen azahar ta yi ƙara. Ƙanwata ce, ta ce sun sauka lafiya, ana ta guɗa, jaririya ta yi barci tun daga Kance. Na ce ta maimaita da ƙarfi, na ɗaga wayar saitin zaure. Sannan na kwance haɓar zanena, na kai masa makullin na ajiye a gefen tabarmarsa, na koma na ɗora tukunya.