Sunan 'Yar Fari

Ni ce 'yar farin Inna, don haka tun da aka haife ni a unguwar Utaibiyya ta Makka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke," take ce mini, in kuwa ranta fari ne ta ce "'yar nan." Alkunya ce ta taho da ita daga Sakkwato, lokacin da suka zo aikin Hajji da babana suka zauna. Ƙawayena Larabawa su yi ta mini tsiya a kai, ni kuwa ko a jikina.

Lokacin da mantuwa ta fara kama ta, babana ya daɗe da rasuwa, ƙannena maza biyu kuma sun koma unguwar Shisha da iyalansu. Sai Juma'a su zo da ledar lemo, su sumbaci goshinta, su duba agogo. Ni da aurena ya mutu na dawo gida, ni aka bar wa wanka da wanki da neman makulli a cikin tukunya. Larabcinta ya zube, sai Hausa kaɗai ta rage mata, jikokinta kuwa ba sa ji. Akwai ranakun da in ban da ita ba wanda nake magana da shi, kuma wallahi kaɗaici ya ci ni.

Wata maƙwabciya ce ta gaya mini gwamnati ta ware kuɗi don binciken ciwon mantuwa a wani asibiti. Duk wanda aka ɗauka, ma'aikaciyar jinya za ta riƙa zuwa gidansa kowane mako. Ni ba magani na sa rai da shi ba. So nake kawai wani ya riƙa ƙwanƙwasa mana ƙofa. Sharaɗinsu ɗaya ne, sai wanda ciwon bai yi nisa da shi ba.

Na yi mata wanka, na sa mata turare, muka hau tasi. Likitar yarinya ce mai fara'a, tana tambaya da Larabci ina mayar wa Inna da Hausa. Wane gari muke? Makka. Wata da shekara kam sun kuɓuce mata. Sai likita ta nuna ni ta ce a tambaye ta sunana.

"Inna, wai yaya sunana?"

Ta ja mayafi ta rufe baki, ta kau da kai.

Aka ce to sunan mijinta fa? Inna ta yi tsaki ta ce, "Wannan ɗiyar ba ta da ta ido."

Na yi wa likita bayanin al'adarmu har bakina ya bushe. Ta ce ta yarda da ni ɗari bisa ɗari. Amma akwai kwamitin da ke sa ido kan yadda ake kashe kuɗin binciken, suna sauraren duk abin da aka naɗa, in ta rubuta amsar da ba a faɗa ba za a iya tsayar da aikin gaba ɗaya. Ba tare da waɗannan amsoshi biyu ba, Inna ta faɗa cikin waɗanda ciwo ya yi nisa da su.

Raina ya ɓaci. Na durƙusa gabanta na ce, "Don girman Allah, Inna, sau ɗaya tak. Faɗi, ba wanda zai ji."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, kin haukace ne?"

A tasi na yi ta mita a zuciyata. Haba, kunya a gaban wa? Sakkwatawan da za su yi mata dariya duk suna ƙarƙashin ƙasa! Ita kuwa tana ta kallon fitilun hanya abinta.

An ce in dawo da ita in sabon kasafi ya fito. Na yi ta buga musu waya, amsar kullum ɗaya ce, "Lissa," wato tukuna. Hajji ya zo, maƙwabta suka tafi Arfa aikin dafa abinci, benen da muke zaune ya yi tsit, daga ni sai ita sai ƙarar na'urar sanyi. Wani Hajjin ya sake zuwa. Na daina bugawa.

Wata rana bayan la'asar ina shafa mata mai a ƙafa, sai na ji tana kallona.

"Baiwar Allah, yaya sunanki?"

Na faɗa mata. Ta maimaita shi tiryan-tiryan, sau biyu, ba ta rufe baki ba, ba ta kau da kai ba. Ashe haka sunana yake a muryarta.

"Suna mai kyau," ta ce. "Ke ɗiyar wace ce?"

Na ce, "'Yar maƙwabta ce, Inna. Miƙo ɗaya ƙafar."